Baƙuwar Mma da Batakarin Kaka Saje

Na san maganar da ake yi a gidan nan tun kuna ƙanana, ko da yake ba a yin ta a gabana. Ana cewa a shekarar yunwa na ɗauki batakarin Kaka Saje, rigar layun da ya zo da ita daga arewa, na ba wani Bature ya ba ni shinkafa. Baffanku Garba ya rasu da wannan magana a ransa, 'ya'yansa kuma sun gaje ta. Ban taɓa tsayawa na gyara ba, ina ganin shiru ya fi mutunci, sai shirun ya raba gida biyu. Abin da ya tayar da ni yanzu shi ne jikana Nasiru. Kwanan baya ya shiga ɗakin marigayiya Mma, uwata, ya ɗauki hoton 'yar jakar fatar nan da ke rataye a ƙusa, ya dawo yana nuna mini waya, wai masu tara kayan da a ƙasashen waje suna neman irinta ido rufe, wai za ta sake mana kwanon rufin gidan nan har a samu saura. Yaron bai yi laifi ba, ba wanda ya gaya masa komai. Saboda haka nake rubuta wannan da manyan baƙaƙe, tun idona yana iya bin layi.

Ni baduku ne ɗan baduku. Rumfarmu tana Zongo Lane a nan birnin Ankara, kusa da inda masu goro suke zama. Lokacin da na gaji rumfar, Turawa sun fara yawan zuwa neman tsofaffin kaya, abin da 'yan kasuwa suke kira antik. Dillalai sukan shiga ƙauyukan arewa su dawo da layu, da guraye, da kambuna, da wuƙaƙe cikin kubensu, duk abin da ya yi baƙi ya sha gumi. Aikina a wannan ciniki iri biyu ne. Na farko gyara, in maratayi ya tsinke ko ɗinki ya saki. Na biyu shi ne wanda muke kira yin fanko. Ba ma sayar wa baƙo laya da cikinta, domin yawancinsu ayoyin Allah ne a naɗe, kuma ba mu san hannun da za su faɗa ba, ko teburin giyar da za a ajiye su. Sai in farke ɗinkin ta baya, in zare takardar, in cusa auduga, in mayar da zaren ta cikin tsofaffin hujojin, yadda ko wanda ya ɗinka ta da farko ba zai gane ba. Takardun nakan tara su a tulu, ranar Juma'a in kai wa limamin masallacinmu, ya wanke tawadar ya zuba a gindin bishiya inda ƙafa ba ta takawa. Mai saye ya samu fatarsa, mu kuma mun sauke nauyi. Mahaifina da ya koya mini wannan aiki sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in sa wuƙa a bakin wani abu sai na riga na san inda zan kai abin da ke cikinsa.

Cikin masu saye akwai wani dogon Bature da muke kira Mai Lofe, saboda lofen da ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Ya daɗe yana zuwa wurina, kuma ya daɗe yana kwaɗayin batakarin Kaka Saje tun ranar wata Sallah da ya ga Garba sanye da ita a bisa doki. Kaka Saje shi ne mahaifin Mma, uwata. Sojan Turawa ne, da ya ajiye aiki ya zauna a nan unguwar Nima ya zama maigida mai saukar baƙi. Rigar tasa tana da nauyi kamar an jiƙa ta, layu ne jere gaba da baya, wasu jar fata, wasu fatar damisa, wasu fatar kada. A hannun Mma take, amma kowa ya san ta Garba ce, don shi ne takwaran Kaka. Duk lokacin da Mai Lofe ya tayar da zancenta sai in yi dariya in ce masa ya nemi wata.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye gonaki, teburan kasuwar Makola suka zama wayam. Mutane suna layin kenke, dunƙulen tuwon masarar nan, tun yana ɗanye, su kai gida su dafa da kansu don kada ya ƙare. A shekarar ce aka koro mutanenmu daga Legas, Garba ya dawo cikinsu da jaka ɗaya da rediyo marar batir, ya shimfiɗa tabarma a zaure. A cikin wannan hali Mai Lofe ya zo rumfa wata rana da hantsi, ya zaro gwangwanin biskit daga jakarsa ya buɗe. A kan auduga akwai 'yar jaka wadda ba ta kai tafin hannuna ba. Fatar wata irin barewa ce, jimar da ban taɓa gani ba, taushi kamar kunnen jariri, da geza a ƙasa, da 'yan duwatsun ado farare da ja a fuska ɗaya. An ɗaure bakinta da jijiya, ɗaurin ya daskare da tsufa. Ya ce ta mutanen Ceroki ce, sai da na sa ya maimaita sunan. Wai suna cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Mai irin wannan jaka yakan rataya ta a wuya ƙarƙashin riga, ya zuba abin da shi kaɗai ya san ma'anarsa, ganye ko dutse ko taba, kuma ba a buɗe ta wani. Shi a gwanjo ya saye ta, cikin kayan wani attajiri da ya mutu. Yana so in yi mata sabon maratayi, in kuma yi mata fanko, don kada ƙwari su ƙyanƙyashe a cikin ganyen su ɓata fatar. Akwai mai jira, zai jera ta a akwatin gilashi tare da layunmu. Na tambaye shi ina zan kai abin da na fitar. Ya yi dariya, ya nuna mini kwatar da ke gaban rumfa da bakin lofensa.

Maratayin na gama shi kafin azahar. Sannan na ɗauki ƙaramar wuƙata na sa bakinta a kan ɗaurin jijiyar. Rana tana tsakiya, mai goro yana rigima da wani a kan canji, direban trotro, motar hayar nan, yana ta danna ham. A cikin wannan hayaniya na ji ƙamshi. Ƙamshin itace ne da ruwan sama ya jiƙa, haɗe da hayaƙin wani ganye da ban sani ba, kuma a lokacin rabon Ankara da ruwan sama har mun manta. Yatsuna suka yi sanyi kamar na tsoma su a randa. Na ɗaga kai na duba ko wani ne ya wuce da turare, ban ga kowa ba. Na sake sa wuƙar, sai na ji kamar akwai mai tsaye a bayana yana kallon hannuna, irin tsayuwar da mahaifina yakan yi. Nan na tuna sharaɗinsa. Liman ba zai karɓi wannan ba, ba rubutu ba ne da za a wanke. Kwata kuwa ba wurin kai komai ba ce. Na ajiye wuƙar, na sa jakar a aljihun gaba, na ce bari in kwana da tunani.

Mma a lokacin idonta ya yi hazo, inuwa kawai take gani. Ba ta kiran sunana don ni ne ɗan fari, Baduku take ce mini. Na shigo da la'asar sakaliya na tarar da ita a kan kujerarta ta tsakar gida. Na yi sallama, ta amsa, sannan ta karkata kai ta dubi bayana.

"Sannunku da zuwa," in ji ta. "Baduku, ka shigo da mutum ka bar ta a tsaye? Lami, kawo wa baƙuwa ruwa."

Uwarku Lami ta leƙo daga madafa, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Na ce wa Mma ni kaɗai ne. Ta ce in daina wasa da ita, ga tsohuwa nan gajeriya da dogon gashi a kitse ya sauko kafaɗa, ta jingina da bango don gajiya. Ban gaya wa kowa abin da ke aljihuna ba, ku riƙe wannan. Na zaro jakar na sa mata a hannu. Ta shafa gezar, ta kai ta hanci. Sannan ta sake cewa a kawo ruwan.

A gidan Kaka Saje ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha ruwa, kuma wanda ya sha ruwan gidan ba a miƙa shi ga wanda ya biyo shi. Mma ta ga ubanta ya tsaya a bakin zaure ya tare ƙofa da jikinsa saboda wani mutum da ko garinsu bai sani ba. Da wannan ta tashi. Ta sa na buga ƙusa a ɗakinta na rataye jakar, aka ajiye kwanon ruwa a ƙasa. Ruwa kuwa a shekarar da wuya yake, famfo ya ƙafe, sai an yi tafiya da bokiti. Uwarku ta yi ta mita, tana cewa mu da ba mu da na bakinmu an ƙaro mana baƙuwa, amma dai gara ita, ba ta cin tuwo. Mma ta ce mata ai ko ita da aka kawo ta gidan nan ba a tambaye ta abin da za ta ci ba.

Ni ina dariya tare da uwarku, amma akwai abubuwan da na gani ban faɗa ba. Ruwan kwanon yakan ragu tsakanin hantsi da azahar. Na ce zafi ne, ko kyanwa, ko da yake yunwa ta kori kyanwoyin unguwar. Sannan jakar, duk yadda na rataye ta, in na dawo sai in tarar fuskar duwatsun ta juya tana kallon bangon yamma. Na ce murɗewar maratayi ce. Amma ni na yanka maratayin nan da hannuna, shimfiɗaɗɗe ne, babu murɗa a jikinsa. Wata rana Mma ta aike ni in samo man kaɗanya. Na tambaye ta ko ƙafarta ce, ta ce a'a, ta baƙuwa ce. Ƙafafun duk sun kumbura sun tsage, wai matar ta yi tafiya mai nisa cikin sanyi, kuma ba da son ranta ba.

Na yi ta yi wa Mai Lofe hanya-hanya, yau in ce jijiya ta ƙare, gobe in ce ban ji daɗi ba. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya ɗauki tasi har Nima, yaran layi suna bin sa suna kiran obroni, wato Bature. Mma ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, aka ba shi ruwa, ya sha. Ni ne tafinta, da ɗan Turancina na kasuwa. Ta ce in tambaye shi ko mutanen mai jakar nan sun taɓa yin wata doguwar tafiya. Ya cire lofen daga bakinsa. Ya ce ƙwarai, tun kafin zamanin kakansa sojoji suka tashe su daga duwatsunsu, suka kora su a ƙasa zuwa wata ƙasa mai nisa cikin tsananin sanyi, da yawa suka mutu a hanya. Ya tambaye ni a wane littafi na karanta. Na ce ba ni ba ne, ita ce, kuma ta ce a ƙafar matar ta gani. Ya yi irin murmushin da ake yi wa tsofaffi, amma na lura ya janye tabarmarsa daga bakin ƙofar. Sannan ya ce cikin ladabi abin nasa ne, ya saya, ya ba ni amana in gyara, ba ya son magana ta kai ga 'yan sanda. Gaskiyarsa ce kuwa. Na fassara wa Mma. Ta daɗe tana murza carbinta.

"Ka gaya masa ubana ma soja ne," ta ce. "Ban san waɗanda shi ya kora ba, bai taɓa faɗa mana ba. Rigar ubana da yake so, ya ɗauka a madadin jakar. Layunmu mun san inda za mu kai cikinsu. Wannan baiwar Allah ba ta da kowa a nan sai mu."

Na ce mata, "Mma, rigar Garba ce."

"Tawa ce tukuna, ban mutu ba. Ka fassara."

Na fassara. Mai Lofe ko ciniki bai yi ba, ya miƙo mini hannu.

A nan ne ya kamata in tsaya. Garba ya tafi Tema neman aikin dako a tashar jiragen ruwa, ba nisa ba ne, da na aika an kira shi. Na san zai ƙi, na san zan shiga tsakaninsa da Mma, sai na zaɓi sauƙi na ce in ya dawo a yi masa bayani. Washegari na shimfiɗa batakarin a tsakar gida na fara farkewa. Layun da na yi wa fanko a rayuwata ba su ƙirguwa, amma ban taɓa jin nauyin aikin ba sai ranar. Warin gumin Kaka yana cikin fatar. Kowace takarda na zaro sai in miƙa wa Mma, ta karɓa da hannu biyu ta ajiye a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta juya wajen ƙofar ɗakinta ta ce, "Ki zauna abinki, ba komai," da muryar da ake kwantar wa baƙo da hankali in ya ga ana wahala dominsa. Da na gama na ɗaga rigar, sai na ji ta zama sakayau, alhali takarda kawai na cire, auduga kuma na mayar.

Da Mai Lofe ya zo ɗauka, ya sa direban tasi ya sauke buhun shinkafa a zaure, wai kyauta ga tsohuwa. Ba na cikin sharaɗi, ba wanda ya roƙa. Amma ban ce a mayar ba. Yunwa muke ji, kuna kwana kuna kuka, muka dafa muka ci, ku ma kun ci. Garba ya dawo ya tarar da buhun a kan tabarmarsa, ya buɗe akwatin Mma ya ga babu riga. Ya fito ya tsaya a kaina ina alwala.

"Yaya, nawa ne kilon kakanmu?"

Abin da ya ce ke nan. Mma ta kira shi ta yi masa bayani, ta nuna masa jakar a ƙusa. Ya dubi 'yar fatar nan, ya dube ni, ya ce wa Mma Allah ya ba ta lafiya, ya gane an yi amfani da tsufanta. Ta ba shi takardun, ya ƙi karɓa. Ranar ya naɗe tabarmarsa ya haye babbar kwata zuwa unguwar Maamobi. Tsakaninmu tafiyar da ba ta kai a sha koko ya huce ba, amma bai sake cin abinci a gidan nan ba. A wurin jana'iza yakan ba ni kan yatsunsa. Na bar shi da fushinsa ina jiran ya huce da kansa, ni ne babba, ni ya kamata in haye, har aka zo aka ce mini ya rasu.

Mai Lofe bai sake dawowa ba, ya samu abin da yake nema. Ni ma ban sake iya yin fanko ba. In dillali ya kawo laya na sa wuƙa sai in tuna wani ne ya rataya ta a ƙirjinsa yana tsoron wani abu. Na saki rumfar Zongo Lane na koma ɗinkin takalma da gyaran jakunkunan makaranta a bakin titin Nima, shi ya sa kuka tashi cikin ƙunci fiye da 'ya'yan abokaina. Na je wurin Liman na gaya masa komai, don ni Musulmi ne, ban ce fata tana da iko ba. Ya ce iko na Allah ne shi kaɗai, abin da tsohuwa take gani kuma shi bai gani ba, ba zai yi shaida a kai ba. Amma abin wani da ya faɗo hannunka amana ne, kada in buɗe, kada in sayar. Da Mma za ta rasu ta jaddada mini haka. Ta ce baƙuwa ba tamu ba ce, sauka ta yi, ranar da nata suka zo a sallame ta da mutunci. Na tambayi baƙaƙen Amurka da dama masu zuwa ganin ƙasar kakanninsu. Wata ta ce kakarta tana da jinin mutanen, amma ba ta san kowa a cikinsu ba, ta taɓa gezar da yatsa ɗaya ta janye hannunta.

Takardun Kaka Saje ban kai wa Liman ba. Na haɗa su na ɗinke cikin jar fata guda, suna cikin akwatin Mma. Shi Baturen, fanko kawai ya tafi da shi. Ku ɗauki wannan ƙunshi ku haye Maamobi ku kai wa babban ɗan Garba, ku karanta masa abin da na rubuta, ku ce Baffansa yana neman gafara a kan rashin jiran ubansa. In ya ƙi karɓa ku sake komawa. Kada ku yi irin jirana.

Kai kuma Nasiru, ka goge hoton nan. Ku da kuka iya waya, ku nemi mutanen Ceroki na gaskiya, ba masu gwanjo ba, ku gaya musu akwai tasu a Nima, ba a taɓa kwance bakinta ba. In sun zo ko sun aiko, ku ba su, kada ku karɓi ko sisi. Rufin gida ya ci gaba da yoyo, mun saba tara bokiti.

Idona yanzu ya fara irin hazon na Mma. Shekaranjiya da azahar ina zaune a kan kujerarta, rana tana dukan tsakar gida, sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙen itacen nan. A inuwar bango, kusa da ƙofar ɗakin, akwai wurin da ya fi sauran duhu, daidai tsayin mutum in ya zauna ya miƙe ƙafafu. Autata Zainabu ta fito da tsintsiya ta tambaye ni da wa nake gaisawa. Ban san na yi magana ba. Na ce mata ta duba kwanon da ke ƙarƙashin ƙusa. Ta leƙa ta ce ai da safe ta cika shi, ga shi ya kusa ƙarewa.

Na ce ta ƙara, ta kuma zo da man kaɗanya.